Daga Bakin Shago: Ba Kowace i7 Ce i7 Ba

Babban ɗana yana sana'ar haɗa bidiyon biki a nan Zongon Kwatano, da dare kuma ya buga wasan kwamfuta. Bara ya roƙe ni laptop mai ƙarfi. Na taɓa jarin shago na sayo masa 'yar gwanjo, don kawai na ga tambarin Core i7.

Ashe i7-7500U ce, ta 2016. Ƙwaƙwalwarta gida biyu gare ta kacal, ko cikin jerin masu karɓar Windows 11 ba ta. Bidiyo ɗaya sai ta kwana tana juya shi, har dangin wata amarya suka karɓe kuɗinsu.

Yaron ne ya zaunar da ni: “Baba, lamba ake dubawa da harafin ƙarshe.” Mai U an yi ta ne don tattalin batir, wajen wat 15 take ci. Mai HX kuwa daga wat 55 take farawa. Intel i9-13980HX gida 24 gare ta, AMD Ryzen 9 7945HX gida 16, duk na 2023, kuma kowacce na ɗaukar aikin bidiyo. Wasa shi ya fi dogara da katin hoto, irin Nvidia RTX. Amma HX akwai shan batir da zafi, ga Kwatano da gumi.

Mai lissafin shago, U ta ishe ka. Mai ɗa irin nawa, tafi da shi kasuwa. Araha ba ta ado.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.