Ɓarawon da Ke Kwana Cikin Tafkin Kifi

A shekarar 2009, ma'aikatan wani gidan nunin halittun teku da ke garin Newquay na Ingila sun shafe watanni suna ganin murjani a gutsure da kifaye da raunuka, ba su san mai aikin ba. Sun ɗana tarko, aka cinye abincin da ke ciki. Sai da suka kwashe duwatsun akwatin ɗaya bayan ɗaya suka tarar da wata tsutsar teku da ta haura mita ɗaya, wadda ake kyautata zaton ta shigo tun tana ƙarama a cikin ramin dutse. Masu ajiye kifin ruwan gishiri sun san irin wannan baƙo, shi ya sa sukan kashe fitila su zauna da jar tocila, domin da yawa daga cikin halittun ba sa ganin jan haske sosai.

Babu teku a Nasarawar Burkullu, amma matsalar na nan a tafkunan tarwaɗa da tankunan tamfol na matasan da suka zuba jarinsu a kiwon kifi tsakanin Anka, Bukkuyum da Gummi. Mutum ya zuba ’ya’yan kifi dubu, ya yi wata huɗu yana sayen abinci da tsada, ranar kwasa ya ga adadin ya zabge. Zargin farko yakan faɗa kan yaron da ke gadi, na biyu kan wanda ya sayar da irin, na uku kan bakin mutane. Da wuya a zargi tafkin kansa, alhali a mafi yawan lokuta nan ɓarawon yake kwana.

Alamar farko mai sauƙi ce. Cuta da gurɓacewar ruwa suna barin gawa tana yawo a sama. Idan kifi na raguwa ba a ga gawa ba, cinye shi ake yi. Zalɓe yakan bar huda a gadon bayan kifin da ya kuɓuce masa, guza kuma yakan bar sawun jela a taɓon bakin tafki. Tsutsar mazari ta fi su wuyar gani: uwar tana saka ƙwai a ruwan da aka tara aka bari, ’ya’yan su laɓe a ƙasa, su riƙa cafke ƙananan kifi da wani muƙamuƙi da ke miƙewa kamar hannu. Wanda ya janyo ruwa daga Gulbin Zamfara ba tare da tacewa da raga ba, ya shigo da ’ya’yan kifin daji da kansa, kuma ambaliya irin wadda ta auka wa Gummi a watan Agustan 2024 tana yin wannan aikin a dare ɗaya.

Duk waɗannan ba su kai tarwaɗar kanta ɓarna ba. A cikin ƙyanƙyasa ɗaya, wasu kan yi wa ’yan’uwansu fintinkau a girma tun makonnin farko, kuma tarwaɗa na haɗiye duk abin da ya shiga bakinta, har ɗan’uwanta. Wadda ta ci ɗaya ta ƙara girma, ta ƙara samun ikon cin na gaba. Abin takaici shi ne mai kiwo ya fi alfahari da waɗannan ƙattin, su yake ɗauka hoto ya sa a WhatsApp, bai san jarinsa ne a cikinsu ba. Maganin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a kwashe kifin da sanyin safiya duk mako ɗaya ko biyu a watanni biyun farko, a ware manya, a ƙirga, a rubuta. Kafin sabon zubi kuma a busar da tafkin ƙasa har ya tsage, a barbaɗa farar ƙasa, a rufe samansa da raga, kada a bar ruwa ya daɗe babu kifi.

A nan ne shirye-shiryen tallafa wa matasa suke kuskure. Ana raba tanki da iri da buhun abinci a gaban kyamara, ba a haɗa da ragar tantancewa, ko littafin ƙirga, ko tanki na biyu da za a zuba waɗanda aka ware. Mai tanki ɗaya ko ya gane ɓarawon ba shi da inda zai kai shi. Ilimin ma ba nesa yake ba, ga cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, ga kuma Sarkawan yankin da suka san halin tarwaɗa tun kaka da kakanni.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da yammacin Zamfara. Tarwaɗa da dare ta fi yin harka, saboda haka binciken gaskiya na dare ne. A yankin da ’yan bindiga suka hana mutane zuwa gona ko da rana, babu mai hankalin da zai tura ɗansa bakin fadama da tocila ƙarfe biyun dare. Wanda zai fara kiwo a Nasarawar Burkullu a wannan yanayi gara ya kafa ƙananan tankuna biyu ko uku a tsakar gida, inda zai iya leƙawa bayan sallar isha’i, da ya haƙa babban tafki a bayan gari wanda ba zai gan shi ba sai rana ta fito.