KO 'YAR SHEKARA 7 MA BA ZA SU ƘYALE BA?

Na san akwai wanda zai ga taken nan ya ce ana ta kai wa yake ta kaya, ga tsadar rayuwa, ga rashin tsaro, sannan wani ya zauna yana ɓata tawada a kan kamfai da shimin yara. To ɗan uwa ka yi haƙuri ka karanta zuwa ƙarshe, domin maganar ta ƙanwarka ce, kuma nan da 'yan shekaru in Allah Ya yarda ta 'yarka ce.

A watan Afrilu na 2010, wani babban kantin tufafi mai rassa a duk faɗin Ingila, Primark, ya baza wata rigar wanka ta yara mata a kan fam 4. Rigar ƙirji ce irin ta manyan mata, an cusa mata soso a ciki, kuma an ɗinka ta daidai jikin yarinya 'yar shekara 7. Da jaridu suka fallasa, iyaye suka yi caa, har David Cameron, wanda a lokacin yake yawon neman ƙuri'a, ya fito ya ce abin kunya ne. Kantin ya kwashe kayan, ya ba da haƙuri, ya ce ribar da ya ci zai ba wata ƙungiyar taimakon yara.

Ba wannan ne farau ba. Tun a 2002 kamfanin Abercrombie & Fitch na Amurka ya fitar da wani ɗan kamfai mai siffar na manya a kantunansa na yara, wai don 'yan shekara 10 zuwa sama, an buga kalmomi a jiki, ɗaya ma'anarta alewar ido, ɗaya kuma kashe ido irin na kwarkwasa. Da aka tuhume su, amsar da suka bayar ita ce su raha kawai suka nufa, duk wanda ya ga wani abu daban to a idonsa abin yake. A 2011 kamfanin ya sake fito da wata rigar wanka mai soso a sashen yara, da surutu ya yi yawa sai ya ce ya yarda ta fi dacewa da 'yan shekara 12 zuwa sama. A wannan shekarar dai a Faransa wani kamfani mai suna Jours Après Lunes ya fito da kayan ciki na 'yan shekara 4 zuwa 12, ya tallata su da hotunan yara an caɓa masu kwalliya kamar amare. Kuma kar a ce tsohon labari ne: a watan Janairu na 2024 sai da kamfanin H&M ya janye wani tallan kayan makaranta a Ostireliya, ya ba da haƙuri, saboda ya sa hoton yara mata biyu ya rubuta cewa su sa mutane su riƙa waiwayo.

Mu tsaya a kan waccan amsa ta 2002, domin ita ce hujjar da ake ta maimaitawa har yau, kuma za ka ji ta a bakin mutanenmu. Wai tufa tufa ce, yarinya ba ta san komai ba, mai mugun tunani shi ke ganin mugun abu. Rabin maganar gaskiya ne. Yarinya ba ta san komai ba, kuma ba ta da laifin komai. Amma ai ba ita ta zana rigar ba. Manya ne suka zauna a ofis, suka zana, suka yi lissafin kuɗi, suka aika masaƙa, suka sa hannu. To mu tambaye su: soso a ƙirjin 'yar shekara 7 aikin me yake yi? Ba ya hana sanyi, ba ya tsare datti, ba ya sauƙaƙa mata gudu ko wasan 'yar gala-gala. Aikinsa guda ne, ya nuna wa mai kallo abin da babu shi. Kalmar alewar ido kuma wa aka rubuta wa? Alewa dai ai don mai sha ake yin ta. Wanda ya saka ido a cikin lissafinsa tun daga teburin zane, ba shi da bakin da zai ce laifin mai ido ne.

Kar kuma a fahimce ni a baibai. Yaro na bukatar kamfai, yarinya na bukatar shimi da singileti, kuma wadda ta fara girma tana bukatar rigar mama mai sauƙi wadda za ta suturta ta, ta sa ta sake a cikin aji. Akwai yaran da girma ke zo masu da wuri, tun suna shekara 9 ko 10, kuma zalunci ne uwa ta ƙi saya wa irin wannan yarinya abin da take bukata don wai kunya. Furanni da launi mai kyau da hoton tsuntsu duk ba su ne matsala ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: wannan tufa jikin yarinyar take wa hidima, ko idon wani? In don tsafta ne da sutura da jin daɗin jiki, madalla. In kuwa an ƙera ta ne don ta fito da sura, ko ta ɗauki zancen da yarinyar ba ta san fassararsa ba, to ba tata ba ce, ko da girmanta ya yi mata daidai.

Sai hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko wayo. Za a ce maka ai kayan ciki ne, wa zai gani? Ga doguwar riga a kai, ga hijabi har ƙasa. Amsa ita ce: ita za ta gani. Ita ce za ta saka kullum da safe. A 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Barbara Fredrickson da abokan aikinta, sun yi wani gwaji da ɗaliban jami'a. Aka sa kowanne ya shiga ɗaki shi kaɗai, wasu su gwada rigar sanyi, wasu kayan wanka, sannan a ba su tambayoyin lissafi suna sanye da kayan. Matan da ke cikin kayan wanka suka fi kasa yin lissafin, alhali babu mai kallonsu. Hankalinsu ya rabu biyu, rabi a kan takarda, rabi a kan yadda jikinsu yake. Waɗannan fa manya ne masu hankali. A 2007 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta fitar da rahoto na musamman a kan yara mata, inda ta danganta wannan ɗabi'a ta koya wa yarinya kallon kanta a matsayin abin kallo da raina kai, da ciwon damuwa, da cutar ƙin cin abinci don neman rama. Ashe ba sai wani ya gani ba. Tufar malama ce, darasinta kuma guda: darajarki tana ga surarki, kuma surar da Allah Ya ba ki ba ta isa ba, sai an ƙara.

Me ya kai 'yan kasuwa ga wannan? Ba sai mun je neman wani ɓoyayyen makirci ba, lissafin a fili yake. Yarinyar da ta gamsu da jikinta, shimi biyu sun ishe ta shekara. Wadda aka sa wa shakka a zuciya kuwa ta zama mai ciniki har tsufanta: yau soso, gobe man bilicin, jibi maganin ƙiba ko na rama. Kowane yaro burinsa ya zama kamar yayansa, 'yan talla kuma sun daɗe da gane haka, sai suka riƙa sauko da kayan 'yan shekara 16 zuwa ga 'yan 12, na 'yan 12 zuwa ga 'yan 8. Tsarin jari hujja bai san ƙuruciya ba, kasuwa ya sani wadda ba a riga an shiga ba.

Yanzu ga inda nake son mu yi wa kanmu adalci. Abu ne mai sauƙi mu karanta wannan mu girgiza kai, mu ce Allah wadaran Turawa, mu naɗe jarida. Amma su wa suka tilasta aka kwashe kayan nan daga kantuna? Iyayen can ne. Iyaye mata a Ingila suka haɗa kai a 2010 suka yi gangamin a bar yara mata su zama yara, suka bi kantuna ɗaya bayan ɗaya suna neman alkawari. Da Cameron ya hau mulki, gwamnatinsa ta ɗora wa Reg Bailey, shugaban wata ƙungiyar iyaye mata ta Kirista, aikin bincike. Rahotonsa ya fito a watan Yuni na 2011, kuma a ciki kusan iyaye 9 cikin 10 da aka tambaya sun ce ana matsa wa yara su girma kafin lokacinsu. A watan ne ƙungiyar masu manyan kantuna ta Birtaniya ta fitar da ƙa'idoji a kan tufafin 'yan ƙasa da shekara 12: rigar mama ta farko a yi ta don sutura da jin daɗin jiki, ba don ƙara girma ba, kuma a guji rubutun da bai dace da shekarun yaro ba. Manyan kantuna 9 suka sa hannu, ciki har da Tesco da Marks & Spencer. Gaskiya ne ba doka ba ce, alkawari ne na ganin dama, kuma bai ɗaure wanda bai sa hannu ba. Faransa ta ɗan ƙara gaba: bayan rahoton Sanata Chantal Jouanno na 2012, a 2014 ta haramta gasar sarauniyar kyau ga 'yan ƙasa da shekara 13. Su ke nan, mutanen da muke cewa ba su da kunya. Mu masu kunyar, wace takarda muka taɓa rubutawa ga shugabannin wata kasuwa?

Kuma kar wani ya ɗauka abin yana can nesa. Birtaniya da Amurka suna cikin manyan masu fitar da gwanjo a duniya. A takarda an hana shigo da gwanjo Nijeriya, amma kowa ya san yana sauka a Kwatano ya tsallako, ya iso Ƙofar Wambai da sauran kasuwanninmu. Mai sayen dila a ɗaure yake saye, sai ya kwance yake ganin abin da ke ciki, kuma duk abin da ya fito sai ya sayar don ya mai da kuɗinsa. Sababbin kayan da ake kawowa daga Sin kuma yawanci yayin can ake kwaikwaya. Matsalarmu ma ta fi tasu ta wata fuska: uwar Ingila tana karanta abin da aka rubuta a jikin riga, ta ajiye. Tamu sau da yawa launi take dubawa da farashi. Sai a rataya wa yarinya kalmar da in aka fassara wa mahaifinta da Hausa, ranar ba zai iya cin tuwo ba.

Laifi tudu ne. Ba Bature ne yake ɗinka wa 'yar shekara 6 kayan Sallah masu matse jiki ba, telan unguwa ne, kuma mu muka kai masa samfurin. Ba Bature ne yake kai ta a zana mata gira da janbaki, a sa mata waƙar biki ta yi rawa, a ɗauka a waya a watsa a TikTok ana dariya ba. Gidan da ake yin wannan, ba shi da ta cewa a kan Primark.

Addininmu bai bar shekarun nan kara zube ba. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya sanya shekara 7 don fara koyar da salla, shekara 10 don raba wa yara makwanci. Aya ta 58 a Suratun Nur ta koyar da cewa yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin shiga wajen manya a lokuta uku. Duba hikimar: mataki-mataki ake tafiya da yaro, ana gina masa katanga tsakaninsa da al'amuran manya har hankalinsa ya nuna. Shekarun da Manzon Allah (S) ya ware don a koya wa yarinya alwala da fuskantar alƙibla, su ne daidai shekarun da ɗan kasuwa ya ware don ya koya mata fuskantar madubi.

To me ya rage gare mu, mu samari? Da farko bari in ja kunne. Wannan magana ba lasisi ba ce na tsare ƙananan yara a hanya ana yi masu tsawa, ko a kama ƙanwa da duka don an ga ta sa wani abu. Yarinya ba ta sayi komai da kuɗinta ba. Wanda ya kunyata ta a kan jikinta, ya ƙarasa wa ɗan kasuwar aikinsa ne kawai, domin shi ma ya koya mata cewa jikinta abin kallo ne. Binciken kayan cikinta kuma ba hurumin ɗa namiji ba ne, na uwa ne da yayye mata. Namu shi ne mu yi magana da su cikin ladabi.

Amma akwai abin da yake hannunmu tsaf. Da yawanmu mu ake aika kasuwa, mu muka yi sakandare, mu ke iya karanta Turancin da ke jikin riga. Ka karanta kafin ka biya, in Umma ce ta sayo ka fassara mata a keɓe. Da yawanmu kuma mu ne yaran shago a Kantin Kwari da Sabon Gari da kasuwannin Kaduna da Zariya da Sakkwato, wasunmu ma su ke yin odar kaya ta waya daga Guwanzu. Mai oda yana ganin hoto kafin ya tura kuɗi, don haka ba shi da uzurin mai dila. Wanda ya kwance dila kuma ya ci karo da irin waɗannan, guda nawa ne a ciki? Ya ware su ya yi tsumma, asarar ba za ta karya jarinsa ba. Telolinmu su koyi cewa a'a ga samfurin da bai dace da shekarun mai kayan ba, ko da uwar ce ta kawo. Kasuwanninmu duk suna da shugabanni da ƙungiyoyin layi, kuma a cikinsu akwai dattawan da in aka kai masu rigar a hannu, aka fassara masu abin da ke jiki, ba sai an yi dogon bayani ba. Kafin a fara cinikin Sallah mai zuwa ya kamata a kai masu.

Wassalamu alaikum.