Amanar da Ke Cikin Katin Kyamara

Da wuya mako ya wuce a Sakkwato ba a ɗauki bidiyon ɗaurin aure, ko naɗin sarauta, ko karatun wani malami ba. Da azumi kuwa, majalisun tafsiri da dama suna da mai kyamararsu. Amma asara mafi yawa a wannan sana'a tana aukuwa ne a ɗan tsakanin nan, daga zare kati zuwa buɗe manhajar tace bidiyo. Ra'ayina shi ne a ɗauki wannan mataki a matsayin aiki mai zaman kansa, a ba shi lokacinsa, a kuma biya kuɗinsa.

Da farko, a kwafe katin ɗungurungum, da dukan manyan fayil-fayil da ƙanana. Kyamarori masu tsarin AVCHD sukan yayyanka doguwar ɗauka gunduwa-gunduwa, bayanin da ke haɗa guntayen kuma yana cikin ƙananan fayilolin da mai gaggawa yake bari a baya. Tafsirin sa'a biyu sai ya shiga kwamfuta a tsintsinke, murya tana yankewa a kowace mahaɗa. Sannan a raɗa wa ma'ajiyar suna da shekara da wata da rana da wuri, domin kyamara takan maimaita sunaye irin C0001, sabon aiki ya hau kan tsoho ya shafe shi.

Na biyu, kada a goge kati sai an sami kwafi biyu a faifai biyu daban, an kuma duba cewa sun dace da asali. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wuta, dogaro da faifai ɗaya a cikinsa ganganci ne.

Na uku, bidiyon waya yakan sauya yawan hotunansa a daƙiƙa, shi ya sa baki da murya suke rabuwa idan magana ta yi tsawo. HandBrake, wadda kyauta ce, tana daidaita shi a kan hoto 25 a daƙiƙa, ma'aunin talabijin na Nijeriya. Idan kuma 4K ta fi ƙarfin kwamfuta, Premiere Pro da DaVinci Resolve duk suna samar da kwafi mara nauyi na yin aiki, asalin yana ajiye.

Za a ce faifai ya yi tsada, mai biki kuma yana son ganin kansa a Facebook kafin gari ya waye. Gaskiya ne. Sai dai faifai ana sake sayensa, ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi, haka ma karatun malamin da ya riga mu gidan gaskiya.

Wannan ladabi ba baƙo ba ne a birnin Shehu. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u sun iso gare mu ne saboda almajirai sun yi ta kwafarsu, suna gwada kwafi da asali, irin su Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, suka tattara suka adana. Abin da kyamara ke ɗauka yau shi ne masu tarihin gobe za su nema. Saboda haka mai ba da aiki, kafin ya tambayi ranar karɓa, ya fara tambayar kwafi nawa aka ajiye, kuma a ina.