Hawan Raƙumin Ruwa a Kuta: Darasin da Baƙi Suke Rainawa

A bakin tekun Kuta, can tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya, da wuya baƙo ya yi taku goma ba a tare shi da tayin koya masa hawan raƙumin ruwa ba. Wasan dai na mutanen Hawai ne tun kaka da kakanni. Wani Ba'amurke, Robert Koke, shi ya kai shi Kuta bayan ya buɗe masaukin baƙi a wurin cikin 1936.

Ba a ruwa ake farawa ba, a kan rairayi ne. Akan ba ɗan koyo allo na soso mai tsawon ƙafa 8 ko 9, a ɗaura masa igiyar allon a idon sawu. Ya yi rub da ciki, ya riƙa tuƙi da hannuwa, sa'an nan ya zabura ya miƙe, gwiwoyi a lanƙwashe, ido na duban gaba. Daga nan sai ruwa iyakar ƙugu, inda malamin zai tura shi bisa farin kumfa. Faɗuwa kuwa ba a ƙirga ta, ga ruwan gishiri a hanci.

Amma abin da ya fi cancanta a kasa kunne gare shi, shi ne baƙi suke ƙosawa a wuce. Ruwan da raƙuman suka tara a gaɓa tilas ya koma teku, yakan kuwa yanki hanya siririya ya bi da ƙarfi, wani lokaci har ƙafa 8 a sakan guda, watau ya fi gwanin ninƙaya sauri. Mugun abin shi ne, wajen nan ya fi ko'ina kama da kwanciya, don raƙumi ba ya fashewa a kansa. Wanda ya saba da kogi ko tafki, can zai nufa. Alhali iya ruwa fid da kai: in ya ja mutum, kada ya saki allo, kada ya yi kokawa da shi, sai ya ratsa gefe, ya ɗaga hannu a gan shi.

Saboda haka malamin da ya yi alkawarin miƙewa cikin awa guda, bai ko nuna jar tutar hani ba, lalle kuɗin baƙo yake so. Kafin a biya, a tambaye shi mutum nawa yake shiga da su ruwa, kuma ina mai tsaron gaɓa yake zaune.