Tufa ma magana ce

Zanen da Eugène Delacroix ya yi a 1830, na matar da ke riƙe da tutar Faransa tana jagorantar jama'a, yakan bayyana a littattafan tarihi da na faransanci. Wani malami kan juya shafin da sauri saboda ƙirjin matar a buɗe yake, wani kuma ya rubuta suna da shekara a allo ya wuce. Dukansu sun ƙwari ɗalibi, domin sun hana shi karatun abin da ke gabansa.

Zanen na magana ne a kan boren kwana uku, daga 27 zuwa 29 ga Yuli 1830, wanda ya tumɓuke sarki Charles na 10. Matar ba wata ƴar birnin Paris ba ce. Rigarta da ta zame daga kafaɗa, iska na kaɗa ta, an aro ta daga gumakan Girkawan dauri, don mai kallo ya gane cewa ƴanci ne aka ba siffar mutum. Jar hularta kuwa ita ce wadda masu juyin juya halin 1789 suka ɗauka alamar ƴantaccen bawa. Hannun dama ya ɗaga tuta, na hagu na riƙe da bindiga, fuska ta waiwaya tana kiran na baya. A gefenta ga mai doguwar hular masu hali, ga lebura da takobi, ga yaro da ƙananan bindigogi biyu: tufafinsu kaɗai sun faɗi cewa boren ya haɗa talaka da mai wadata.

Hukumar lokacin ta fahimci wannan saƙo sarai. Ta sayi zanen a 1831, sannan ta kawar da shi daga idon jama'a, gudun kada ya zuga wani bore.

Ɗalibin Damagaram ko Maraɗi ba baƙo ba ne a wannan fanni. Ya san abin da naɗin rawani da alkyabba ke nufi, ya san bambancin jinjina da durƙuso. Abin da ya rage shi ne malami ya tambaye shi: me wannan hannu ke cewa, don me aka sa wannan riga? Makarantar da ta koyar da karatun baƙi ta bar karatun hoto ta saki ɗalibanta cikin duniyar da hotunan talla da na siyasa ke yi musu magana kullum, ba su da amsa.