Bayan an zubar wa Kambili hawaye, sai me?

Da wuya mutum ya karanta littafin Purple Hibiscus na Chimamanda Ngozi Adichie ya kai ƙarshe idonsa a bushe. Inda ya fi tsinka zuciya shi ne wurin da Eugene, attajirin Enugu mai masana'antu da gidan jarida, ya tsayar da 'yarsa Kambili, mai shekara 15, cikin bahon wanka, ya kwarara mata tafasasshen ruwa a ƙafafu, don kawai ta kwana gida ɗaya da kakanta mai bin addinin gargajiya. Hawayen da mai karatu ke zubarwa a nan ba abin kunya ba ne, alama ce ta cewa zuciya ba ta ƙeƙashe ba.

Sai dai akwai tambayar da kuka ke iya rufewa: a cikin labarin, wane ne ya fi kama da mai karatu? Kowa yana ɗaukar kansa a matsayin Kambili. Amma ma'aikacin gwamnati mai gida a Kubwa ko Gwarimpa ya fi kusa da mutanen da ke kewaye da Eugene, waɗanda kyautarsa da ibadarsa suka rufe musu ido. Numfashin da yarinyar ta samu ya zo ne daga gwaggonta Ifeoma, malamar jami'a a Nsukka mai fama da ƙarancin albashi, wadda ta lura, ta yi magana, ta buɗe ƙofar gidanta. Babu hukumar da ta shiga tsakani, shi ya sa maganar ta ƙare da guba da gidan kaso.

A shekarar 2003 da littafin ya fito ne Najeriya ta kafa dokar kare haƙƙin yara, wadda ta haramta azabtar da yaro, ta kuma hana ɗaukarsa aikatau a wajen gidansu ko danginsa. A 2015 aka ƙara da dokar hana cin zarafin mutane, aka damƙa aiwatar da ita a Abuja ga hukumar NAPTIP. Duk da haka, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF a 2014 ya nuna yara shida cikin goma suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18, kuma ƙalilan ne ke samun taimako.

Tazarar da ke tsakanin doka da yaro tana kan teburin ma'aikata: takardar koke da ta kwana wata uku a fayil, kuɗin gidan mafaka da ba a saki ba, hadimin da ya buga waya don a sassauta wa wani babba. Tana kuma cikin gidajensu, inda 'yar aiki mai shekara goma ke wanke kwanuka lokacin da 'ya'yan gida ke makaranta.

Kambili ƙirƙirarriya ce, ba ta buƙatar komai daga kowa. Yarinyar da ake jin ihunta ta bayan katanga da dare ita ce mai buƙata. Wanda littafin ya taɓa zuciyarsa da gaske, za a gane shi ranar Litinin, idan ya ɗaga fayil ɗin nan ya sa hannu, ko ya kai rahoton maƙwabcinsa ko da alhaji ne mai faɗa a ji.