Bidiyon bazday: wa aka yi wa kyautar?

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu.

Akwai yayin da ya shigo ɗakunan kwananmu: ranar haihuwar wani ta zagayo, 'yan ɗaki su tsara masa waƙa, a ɗauka da waya, a gyara da CapCut, a miƙa masa. Ni dai ina goyon bayan abin, amma da sharaɗi ɗaya.

Ɗalibin da ya baro Sakkwato ko Maiduguri ya zo Ibadan, Nsukka ko Fatakwal yakan yi wata huɗu, biyar bai leƙa gida ba. Abin da ya fi buƙata ranar shi ne ya ji cewa a nan ma akwai waɗanda suka san shi. Kek duk mai kuɗi zai iya saya. Amma baitin da zai faɗi yadda yake ƙona shinkafa, ko yadda yake hawa mota har Sabo saboda tuwo da miyar kuka, sai wanda ya zauna da shi ne zai iya tsarawa. Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Da kirari muka tashi, da ba'ar Bakano da Bazazzagi, da ta Bafulatani da Babarbare. Ko a biki yanzu ana biyan situdiyo a yi wa amarya waƙa da sunanta. Tamu kyauta ce, bokiti ne gangar.

To ina matsalar? Wurin ɗorawa. Kafin mai bazday ya gama kallo, wani ya riga ya sa a status, wani ya kai TikTok. Status na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, gaskiya ne, amma duk wanda ya gani zai iya naɗewa a wayarsa. TikTok kuwa aikinsa ke nan, ya kai bidiyo gaban waɗanda ba su san ka ba.

Mu maza abin yakan tsaya a dariya. 'Yan uwanmu mata fa? Da yawansu sai da aka kai ruwa rana a gida kafin a bar su su zo Kudu karatu. Sakan goma na rausaya, mayafi ya ɗan zame, wani ya yanke wurin ya tura zauren dangi, shi ke nan. Kawun da tun farko bai so zuwanta ba ya samu hujja. Karatunta na iya tsayawa, maganar aurenta na iya lalacewa, wanda ya ɗora kuwa yana can yana ƙirga masu kallo.

Za ka ji an ce, "Ai ba mu yi abin kunya ba." Na yarda. Sai dai mutanen gida ba su san waƙar wasa ce ta 'yan aji ba, yankin da aka tura musu kawai suka gani. Wane ne zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana bayani?

Sannan masu liƙi a bidiyo don ya yi armashi, ku sani sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla N50,000, ko duka biyun. A 2024 kotun tarayya a Legas ta ɗaure wani fitacce a soshiyal midiya wata shida a kan haka, kuma bidiyo ne ya kai shi.

Sharaɗin nawa ga shi. Duk wanda fuskarsa ko muryarsa za ta fito, a tambaye shi sau biyu: kafin a ɗauka, da kuma kafin a ɗora. Mutum ɗaya ya ce a'a, to a bar bidiyon a wayar mai shi. Wanda kuma ya ce shi ba ya bikin ranar haihuwa ko ba ya jin kiɗa saboda fahimtarsa ta addini, a ƙyale shi, kar a sa masa sunan baƙauye.

Ku yi waƙarku, ku kunna masa a ɗaki, ku yi dariya har hawaye. In ya gode, ai buƙata ta biya.

'Yan uwa mata musamman, ina son jin ra'ayinku. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya mai da mu gida lafiya.